Baba Bugu-da-ƙari da Masu Tasha Biyar

Shi ya sa nake ce muku ku daina cewa wai manyan mutane sun ƙare. Ba su ƙare ba, ku ne ba kwa kunna talabijin. Ga Baba Bugu-da-ƙari nan da ransa da lafiyarsa, shekara talatin da ɗaya a tashar garinmu, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa yin rana ɗaya, ɗaya tak, da muryarsa ba ta fito a akwatin mutane ba. Ranar da matarsa ta haihu ya yi shiri. Ranar da aka cire masa haƙori ya yi shiri, da auduga a kumatu. Ranar da ruwan sama ya cika situdiyo ya hau kan tebur ya yi shiri, takalmansa na yawo a ƙasa kamar agwagi. Shi ya faɗa da bakinsa, in kun tsaya kuma zai sake faɗa.

Sunan nan ba shi ya sa wa kansa ba. Shi Ginshiƙin Tasha yake kiran kansa, har ya sa an rubuta a katako an kafa masa a ƙofar ofis. Ma'aikata ne suka lura bawan Allah bai iya rufe zance ba. Ya kawo ƙarshen magana, kin ɗauki jakarki, kin sa ƙafa ɗaya a waje, sai ki ji "bugu da ƙari". Shi ke nan, 'yar'uwa, koma ki zauna, yau yaranki sai dai su ci a maƙwabta.

Tashar nan hukuma ce ta kafa ta. A lokacin sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗewa, kafin nan ba komai a allo sai wasu layuka masu launi da wata ƙara kamar sauro ya shige maka kunne. Baba yana saurayi aka ba shi awa ɗaya kullum, shirin Mu Gyara Halinmu. Ya zauna a kujera mai hannu, fulawar roba a gefensa, ya yi ta yi wa gari faɗa. Kar a zubar da shara a kwata. Kar a tofar da yawu a titi. A riƙa gaida na gaba. Tasha ɗaya ce a garin, ba inda mutum zai gudu. Shi kuwa ya ɗauka ƙauna ce.

Da hukuma ta gaji sai ta sayar wa ƙungiyar 'yan kasuwa. Ranar da labari ya fito Baba ya tara ma'aikata ya rantse shi ba zai yi wa masu sikeli aiki ba ko za a yanka shi. Washegari sai ga shi a allo, kujerar nan, fulawar nan, sunan shiri ya koma Kasuwa Uwar Gari.

"Masu kallonmu," in ji shi, "na daɗe ina faɗa a ɓoye cewa hukuma ba ta san darajar ɗan kasuwa ba. Yau Allah ya kawo ranar da zan faɗa a fili. Bugu da ƙari, kar a zubar da shara a gaban shago."

'Yan kasuwar su goma sha biyu ne, kowa so yake a nuna shagonsa kafin na ɗan'uwansa. Labaran yamma suka koma wane ya sauke sabon kaya, wane ya yi wa shagonsa fenti. Suka yi ta rigima har wata rana aka jefi wani da murfin kamara. A ƙarshe suka sayar wa mai kamfanin katifa.

Shi mai katifa mutumin kirki ne, abu ɗaya ya sani a duniya, barci. Ya cire labarai, ya cire shirin yara, ya cire mai hasashen ruwan sama wanda dama bai taɓa dacewa ba, ya cika tashar da tallar katifa. Shirin Baba kaɗai bai taɓa ba. Cewa ya yi a bar shi yadda yake, a dai mayar da shi bayan cin abincin dare, a sa tallar katifa da zarar ya gama. Sunan shiri ya koma Hutu Ma Aiki Ne. Baba ya shekara goma sha ɗaya yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa mai katifa ya ce ba abin da ke sayar masa da kaya kamar shirinsa. Kuma ba ƙarya ya yi ba, mutumin ya faɗa.

To, mai katifa ya tsufa, ya miƙa wa 'yarsa tasha. Ita kuma irin matan nan ne masu waya biyu a hannu da tafiya kamar an biyo su. Sati ɗaya da zuwanta ta tara kowa a situdiyo, ko zama ba ta yi ba.

"Daga wata mai zuwa babu shirin zama a kujera," ta ce. "Na sayo fim mai dogon zango daga ƙasar waje, kashi ɗari da sittin. Mu za mu ɗora masa murya da harshenmu. Kowa ya zaɓi wanda zai yi wa magana. Muddin mutuminka yana cikin fim, kana da aiki. Ranar da ya fita, kai ma ka tafi gida ka huta."

Baba ya juya kalmomin nan a ransa. Gida. Hutu. Rana ta fito ta faɗi ba a ji shi ba. Ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"'Yata, na san ki tun kina tsalle a kan katifun ubanki. Tarihin wannan tasha, in aka bi shi daga tushe..."

"Baba, zaɓi."

A tashar akwai wata mata da kowa ke kira Anti mai tacewa, ita ke yanka hoto tana haɗawa a wani ɗan ɗaki marar taga. Shekararta ashirin a wurin, 'ya'yanta huɗu, amma har yau Baba "yarinyar nan" yake ce mata. Ita kaɗai ce ta zauna ta kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe. Ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ka ɗauki mai gadin gidan. Yana nan har kashi na ƙarshe."

Baba ya dube ta daga sama har ƙasa. "Mai gadi. Ni."

"To ka zo ka kalli ko kashi goma ne kafin ka zaɓa."

"Yarinya, ni ba na kallon talabijin. Ni ake kallo."

Ya taka zuwa babban hoton fim ɗin da aka manna a bango. A can sama akwai wani tsoho mai farin gashin baki, attajiri mai jiragen ruwa, kansa ya fi na kowa girma, sauran 'yan wasan duk 'yan mitsi-mitsi a ƙarƙashin haɓarsa. Baba ya ɗora yatsa a goshin tsohon ya ce, "Wannan ni ne." Anti ta koma ɗakinta.

Matsala ta farko, ashe tsohon nan ba mai magana ba ne. Irin mutanen nan ne da kalma ɗaya ke isarsu yini guda. A kashi na farko mai aiki ta kawo masa shayi a faranti, ya motsa baki sau ɗaya, abin da ya ce kawai shi ne "ajiye". Baba kuwa ya zo da takarda shafi biyu.

"Ajiye shi a nan, 'yata, domin shayi, kamar yadda masana suka tabbatar, abu ne da ke son natsuwa, haka ita ma rayuwa..."

"Baba, bakinsa ya rufe," in ji Anti ta cikin gilashin ɗakin ɗaukar murya.

"To buɗe shi."

"Ba ni na rufe ba. A can ƙasarsu ya rufe."

"Me amfanin kwamfutar da aka saya miki?"

Ya tsaya a kanta har sai da ta yi. Ta ɗauki ɗan wurin da tsohon ya motsa baki ta yi ta maimaita shi. Da aka nuna a talabijin sai ga tsoho yana buɗe baki yana rufewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa, ga mai aiki ta ƙame da faranti a hannu minti huɗu cur, tururin shayi ma ya tsaya cak a sama yana sauraro. Fim ɗin rabin awa ya kai awa ɗaya da kwata.

Washegari 'yar mai katifa ta shigo kamar za ta ci mutum ɗanye. Kafin ta kai ɗakin Anti wayoyinta biyu suka fara ƙara. Mutane ne. Wani mai aski ya ce shagonsa ya cika har titi. Wata ta ce kakarta ta yi dariya har haƙoran robarta suka faɗa cikin kofi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta saƙonni, ta juya ta ce, "A bar shi."

A gida matar Baba, mace mai haƙurin da ya kamata a ce hukuma ta ba ta lambar yabo, ta ce masa, "Malam, mutanen nan fa dariya suke yi."

"Dariyar ganewa ce," in ji shi. "Ke ba ki san harkar ba."

Kwana takwas Baba yana tafiya a titi kamar shi ya shimfiɗa kwaltar. Masu shago suna ganinsa su ce "ajiye", shi kuma ya ɗaga musu hannu.

Sai kashi na tara. Baba yana cikin ɗakin ɗaukar murya, abin ji a kunne, takardu shafi shida a gaba. A allo tsoho ya fara hawa bene, ya kai tsakiya, ya dafe ƙirji, ya gangaro har ƙasa kamar buhu.

"Mayar da baya," in ji Baba.

Anti ta mayar. Tsoho ya sake hawa, ya sake gangarowa.

"Santsi ne," in ji Baba.

"Ya mutu, Baba."

"Wa ya ce?"

"Ga likita nan ya rufe masa ido. Ga matarsa tana birgima."

Baba ya yi gyaran murya ya matso da makirufo. A ranar duk gari suka ga gawa kwance a ƙasan bene tana cewa, "Kar wanda ya tayar da hankalinsa, kishingiɗa na yi. Bugu da ƙari, wannan bene, na sha faɗa a sa masa abin riƙewa." Minti ashirin gawar nan tana bayani, likita na durƙushe da hannu a sama.

Amma da ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Ku bar ganin muna dariya, mutumin nan tsoro ya ji na gaske. Gobe ƙarfe takwas za a nuna kashi na goma, za a yi ta magana, mai gadi ma zai yi magana, shi ban da shi. Shekara talatin da ɗaya za su tsaya a ƙasan benen wasu mutane da bai ma san sunan ƙasarsu ba.

Da safe ya riga mai shara zuwa. Anti ta same shi tsaye a ƙofar ɗakinta, ya ce, "'Yata, kunna min." Ranar ce ta farko da ya ce mata 'yata, ranar ce kuma ta farko da Ginshiƙin Tasha ya zauna ya kalli talabijin. Ya ƙura ido kamar mai neman allura a cikin yashi. Aka binne tsoho, aka dawo gida, 'ya'ya suka zauna a falo suna harare-harare.

"Tsaya. Wane ne wancan a bango?"

"Hotonsa ne, Baba."

"Yana cikin fim ko ba ya ciki?"

"Baba, hoto ba ya magana."

"Na ƙasarsu ne ba ya yi."

Aka kai wa 'yar mai katifa maganar. Ta dafe kai da wayoyinta biyu, ta tuna da mai aski, ta ce a gwada kashi ɗaya a gani.

Wallahi da kun ga garin nan. Saurayi da budurwa sun laɓe a falo suna raɗa, sai hoto daga bango ya ce, "Kai yaro, matsa can, kujerar ai da faɗi." 'Yan'uwa suna shaƙe wuyan juna kan gadon jirage, hoto yana sama yana cewa a riƙa gaida na gaba, kuma wa ya bar ɓawon ayaba a kan tebur. Su 'yan wasan, bayin Allah, sun yi fim ɗinsu shekaru da suka wuce a wata duniya, ina za su san ana yi musu magana. Ba mai ko ɗaga kai. Wannan ya ƙona wa Baba rai ƙwarai, har ya sa a cikin shirin.

"Kun gani ko, masu kallo? 'Ya'yan zamani. Ubansu na magana, ko waiwaye babu."

Kashi talatin hoto yana mulkin falo. Baba ya sa aka ƙara layi a katakon ƙofarsa, wai Uban Sabon Salo. Ya fara cewa shi ya ba 'yar mai katifa shawarar sayo fim ɗin tun tana makaranta.

A kashi na arba'in da ɗaya matar marigayi ta sayar da gidan. 'Yan dako biyu suka hau kujera suka sauke hoton. Baba ya bi su da murya har ƙofa: "A hankali, kai mai jar riga, ga kusurwa nan. Ba a ɗaukar babba a karkace." Suka lulluɓe shi da zanen gado, suka jingina shi a ɗakin ajiya tsakanin tsohuwar fanka da keken yara, suka ja ƙofa, suka sa kwaɗo.

Anti ta cire tabarau ta ce, "Baba, wannan karon na duba har ƙarshe, sau biyu. Ba hoto, ba kabari, ko wani mai gashin baki babu."

Baba ya yi shiru kusan daƙiƙa uku, abin da ba a taɓa gani ba.

"A bayan ƙofa aka kulle ni, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To duk ƙofar da aka nuna a rufe, ke kin san abin da ke bayanta?"

'Yar mai katifa ta gaji. Masu talla suna ƙorafi ba a zuwa kansu sai mutane sun watse. Ta kira shi ofis, wannan karon ta ba shi kujera.

"Baba, magana ta ƙare. Tari ɗaya a kowane kashi, in an nuna rufaffiyar ƙofa. Ɗaya. In ka ƙara da ko 'uhum' ne, gida."

"Ranki ya daɗe, ba don kaina zan karɓa ba," in ji Baba. "Don masu kallo ne."

Ku zo ku ga aiki. Kullum ƙarfe tara na safe zai iso da riga mai sitati, turare na tashi, da 'yar kwalbar ruwan ɗumi da zuma. A kashe fanka. A hana mai shara motsi. Ya tsaya gaban makirufo ya yi tari ɗaya, ya sa a sake kunna masa ya saurara, ya girgiza kai ya ce bai kai zuci ba, a sake. Ya tara sababbin ma'aikata ya karantar da su cewa tari kashi bakwai ne: akwai na gargaɗi, akwai na takaici, akwai na "ina jin ku", akwai wanda sai wanda ya shekara talatin a aiki yake iyawa. Duk iri ɗaya ne, ni dai a kunnena.

Shi kuwa tari ba ya zaɓen ƙofa. Ƙofar banɗaki, tari. Ƙofar firji, tari. Wata rana ango da amarya sun shiga mota sun rufe, sai aka ji shi daga but ɗin motar. Mutanen gari suka daina bin labarin fim ɗin kwata-kwata, ba wanda ya san wa ya gaji jiragen. Kowane gida zama ake yi ana gardama, yau ta wace ƙofa tsoho zai yi tari. In ya yi sai ka ji shewa daga wannan layi zuwa wancan.

Ana cikin haka 'yar mai katifa ta ce ita talabijin ta ishe ta, duniya ta koma waya. Ta sayar. Mai tasha na biyar wani ɗan gajeren mutum ne mai kamfanin maganin tari, ba ya dariya, ba ya gaisuwa mai tsawo. Yana shigowa, kafin ya tambayi ina ofishinsa, ya ce, "Ina mai tarin?"

Baba ya fito daga cikin ma'aikata a hankali, kamar wanda aka kira ya karɓi kyauta.

"Yallaɓai, na yi aiki da masu tasha huɗu, kuma na daɗe ina faɗa a ɓoye cewa ba ɗayansu da ya san darajar lafiya. Wannan rana..."

"Fim ya ƙare daga yau," in ji mai magani. "Ƙwallo zan riƙa nunawa da tallar maganina. Kai nake so a tallar. Za ka yi tari, a ba ka cokali ɗaya, ka sha, ka yi shiru."

"In yi me?"

"Shiru. Shi ne aikin maganin."

Baba ya dafa bango. Ga fuskarsa za ta dawo allo bayan wata da watanni a bayan ƙofa, ga kuma abin da aka ce ya yi da ita. Ya ce sam, mutane ba za su gane amfanin magani ba sai an yi musu bayani, kuma ba mai bayanin sai wanda ya sha. Mai magani ya fara kumbura. Anti ta ɗan taɓa hannun rigarsa ta ce, "Yallaɓai, bar shi ya yi bayaninsa. Ni zan tace."

Aka dawo da kujera mai hannu daga ɗakin ajiya aka kakkaɓe. Aka kunna fitilu. Baba ya yi tari, kuma gaskiya tarin ya yi kyau, har mai kamara ya ja da baya. Aka miƙo cokali ya sha. Sai ya shirya fara jawabi. Ya lumshe ido, ya ɗora tafin hannu a ƙirji, ya ja numfashi mai tsawo har kafaɗunsa suka tashi, ya saki wani murmushi na mutumin da ya san yanzu zai ji muryar da ya fi so a duniya. Daƙiƙa shida. Sannan ya buɗe baki, bai rufe ba sai bayan minti arba'in, ya taɓo tarihin tari, ya taɓo tarihin cokali, ya taɓo shara.

Ranar da za a fara nuna tallar ya gayyato maƙwabta. Aka cika falo, aka aro kujeru, aka ba manya gaba. Baba ya ce kowa ya kashe waya, kuma wanda zai shiga banɗaki ya shiga yanzu, don abin da tsawo.

Talla ta zo. Ga Baba. Tari. Cokali. Ido a lumshe, hannu a ƙirji, numfashi, murmushi. Wallahi ba ku taɓa ganin fuskar mutumin da ya samu sauƙi kamar wannan ba, har wata tsohuwa ta ce Allah sarki. Sai muryar wata mata ta ce, "Cokali ɗaya, gida ya huta." Sai ƙwallo.

Baba ya ci gaba da kallon allo. Ya ce wuta ce ta ɗan yi wasa, yanzu za su dawo da shi. Aka buga ƙwallo, aka yi waje da ita, aka jefo. Ba wanda ya motsa a falon, kowa ya sami abin kallo a ƙasan kujerarsa.

Matarsa ce ta fara magana, a hankali, cikin ladabi kamar yadda ta saba.

"Malam, maganin nan a ina ake sayar da shi?"

Kar ku ji tausayinsa, don kafin maƙwabta su gama sa takalmi ya farfaɗo. Ya tare su a ƙofa ya sanar da su cewa a da sau ɗaya yake fitowa a rana, yanzu sau ashirin da huɗu ne, kuma tari ma murya ce, duk wanda ya ce ba murya ba ce ya zo su zauna. Ba wanda ya zauna.

Magani kam ya ƙare a shaguna cikin sati ɗaya. Masu kemis sun ce abin da ya ba su mamaki, yawancin masu saya mata ne, kuma in ka tambaye su ya mai tarin, sai su ce ai ba tari yake ba. Ma'aikatan ofisoshi ma an gan su suna saya, kwalba bibbiyu, wai tsaraba za su kai wa shugabansu. Mai magani ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa ganin ɗan wasa mai iya shiru kamar Baba ba, Baba kuma ya sa an rubuta hakan a katako.

Ni kwalbata tana jaka, na san wanda nake jira. Ku fa, ku faɗi gaskiya, a gidanku wa za a fara ɗura wa?